Baba Soja da Ɗakin Zaurenmu

A gidanmu da ke zangon Garu akwai wani ɗan ɗaki kusa da zaure, wanda har yau muke kiransa ɗakin Baba Soja, ko da yake mai ɗakin ya rasu tun 1994. Labarinsa nake so in ba ku, domin sai da na girma sannan na gane abin da kakana ya yi masa, da kuma abin da mu yara muka kasa yi.

Baba Soja ba danginmu ba ne. Mutumin Busanga ne daga wajen Tenkodogo, a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Yana saurayi ya gudo daga aikin tilas na Faransawa, ya ƙetaro iyaka zuwa Bawku, aka rubuta shi soja lokacin yaƙin Hitila. Da aka tambaye shi suna, sai magatakarda ya rubuta sunan yanka, ya ƙara da sunan ƙabilarsa. Haka ake yi a lokacin, shi ya sa takardun soja suka cika da su Moshi da Gurunshi da Dagomba da Fulani. Har wanda ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, sunansa Alhaji Grunshi.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun daga Hausawan da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, da waɗanda aka riƙa ɗiba a kasuwar Salaga bayan haka, rundunar Gwalkwas ta dogara ƙwarai da baƙi. Da yawansu bayi ne da suka gudu, ko matafiya da guzuri ya ƙare musu. Da Hausa ake ba su umarni a bariki shekara da shekaru. Mutanen da ba su da kowa su ne suka fi sauƙin ɗauka, kuma su ne suka fi shan wuya ranar sallama.

An kai Baba Soja ƙasar Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa. Ya dawo a 1946 da lambobi a ƙirji da ɗan kuɗin sallama a aljihu. Kuɗin bai yi wata shida ba a Kumasi, domin mutumin da ya shekara biyar ana ba shi abinci da tufafi da wurin kwana bai san yadda ake tattalin sule ba. Ya koma ƙauyensu ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, an raba gona, yarinyar da aka yi masa alkawari tana goyon ɗa na biyu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai ya sake ƙetarowa, ya iso Garu ranar kasuwa, ya kwana uku a bakin masallaci ba wanda ya san shi.

Kakana ɗan kasuwar goro ne, mai masaukin baƙi. A rana ta uku ya ce masa, "Samari, ina maigidanka a garin nan?" Ya ce ba shi da shi. Kakana ya ce, "To, daga yau kana da shi. Ɗauko kayanka." Kayan kuwa bargon soja ne guda, da wani ƙunshi na tsumma.

Mahaifina ya ce shekarun farko ba su yi daɗi ba. Da dare sai ya farka yana ihu da wani yare da ba wanda ke ji. In aka yi tsawa da damina sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Ba ya cin abinci sai an ce masa ya ci, ba ya zama sai an ce ya zauna. Wasu maƙwabta suka ce a kore shi, mahaukaci ne. Kakana bai kore shi ba. Ya ba shi gadin huhunan goro da dare, tunda dama barci ba ya ɗaukarsa. Da ya saba, sai ya haɗa shi da masu jakuna zuwa Bawku. Daga baya ya roƙa masa fili wajen masu ƙasa Kusasi ya noma gero. In za a je suna ko ɗaurin aure, sai ya ce masa, "Taso mu tafi," ya zaunar da shi a tabarma ɗaya da dattawa. A ƙarshe ya nema masa auren wata bazawara, shi ya tsaya masa a matsayin uba. Allah bai ba su haihuwa ba.

A makaranta muna koya wa yara labarin 28 ga Fabrairu 1948, ranar da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar kokensu kan alkawuran da ba a cika ba, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Wannan jini ya gaggauta 'yancin 1957, kuma ya cancanci a tuna da shi. Amma littafin bai faɗi inda baƙin cikinsu suka kwana bayan an watse ba. Ɗan gari ya koma wurin danginsa, baƙo kuwa sai wanda Allah ya haɗa shi da mai tausayi.

Jarrabawa mafi girma ta zo a Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Zango ya rikice, mutane suna sayar da kayansu a wulaƙance. Ranar nan Baba Soja ya kwance ƙunshin tsumman nan, sai ga littafin sallamarsa da lambobinsa. Ya ce wa kakana, "Maigida, na yi wa ƙasar nan yaƙi, yau kuma ni baƙo ne? Ina zan tafi?" Kakana ya ce, "Ba inda za ka. Duk wanda ya zo, ni zai fara tambaya." Bai tafi ba.

Ni da na san shi ya riga ya tsufa. Abin kunya, ina cikin yaran da ke binsa a baya muna buga ƙafa muna cewa "lef, rai, lef, rai." Ba ya fushi, sai ya tsaya ya sara mana. Ranar jana'izarsa liman ya tambaya, kamar yadda aka saba, wa zai ɗauki bashin mamaci in akwai. Aka yi shiru, domin ba ɗa, ba ƙane. Sai mahaifina ya miƙe ya ce, "Ni ne. Babana ne." Ranar na gane nauyin abin da kakana ya ɗauka a bakin masallaci.

Abin da ya tuna mini da wannan duka shi ne wani tsohon ɗalibina da ya shiga sojan Ingila, kamar samarin Gana da yawa. Bayan an sallame shi ya bugo mini waya, ya ce, "Malam, a bariki ina da 'yan'uwa ɗari, yau ba wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa." Gaskiya ne a 2022 gwamnatin Ingila ta yafe kuɗin takardar zama ga irinsu da suka yi shekara shida suna aiki, kuma a nan gida akwai hukumar tsofaffin sojoji ta VAG. Duk wannan abin godiya ne. Sai dai takarda da fansho ba sa tambayar mutum ko ya ci abinci, ba sa raka shi neman aure, ba sa tsayawa a kan gawarsa.

Saboda haka ina kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasanmu, na Garu da Bawku da Yendi da Salaga, da 'yan'uwanmu mazauna Turai. In kun ga wanda ya tuɓe kaki ba shi da kowa, ku yi masa tambayar kakana: ina maigidanka? In babu, wani ya tsaya masa, ya ba shi ɗaki da sana'a da wurin zama cikin mutane, ya kuma yi haƙuri da shi har zuciyarsa ta dawo gida. Zumunta a ƙafa take.

Allah ya jiƙan Baba Soja da kakana, ya yafe mana abin da muka yi cikin ƙuruciya. Amin.