Tanderun da na gina a bayan gida

Duk magidancin da ke sayen icce a garuruwanmu ya san cewa wuta dukiya ce. Shi ya sa, da yara suka matsa mini da roƙon fiza har na ƙudura gina mata tanderu a bayan gida, tambaya guda ta tsaya mini a rai: shin ya dace a ƙona damin icce saboda abincin da ke gasuwa cikin minti biyu?

Fiza dai abincin mutanen Napoli ne, a kudancin Italiya: ƙullin garin alkama da ake shimfiɗawa siriri, a shafa masa tumatir, a barbaɗa cuku. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa ta cikin al'adun da ya kamata duniya ta adana. A can, zafin tanderu yakan wuce digiri 430, fiza kuma ta gasu cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Murhunmu na gida ba ya kai wannan zafi, sai ginin da ke iya shan wuta ya riƙe ta.

Na soma da dakali mai ƙarfi, tsayinsa daidai ƙugu. A kansa na jera kwalabe marasa komai a kwance, na cike tsakaninsu da toka da rairayi. Ba mai ganin wannan shimfiɗa bayan an gama, amma ita ce ke hana zafi zurarewa ƙasa. Sa'an nan na jera jan bulo ya zama daɓe mai faɗin santimita 90, ba tare da laka a tsakani ba. Na tula jiƙaƙƙen rairayi a kai kamar kifaffiyar ƙwarya, tsayin santimita 40, na rufe shi da tsofaffin jaridu, na ɗora bulo zagaye bayan zagaye har ƙubbar ta haɗe. Da laka da rairayi na ɗaure su, domin siminti ba ya jure harshen wuta, tsagewa yake yi. Ƙofa kuwa tana da ƙa'ida: tsayinta kusan kashi 63 cikin 100 na tsayin ƙubbar, wato santimita 25 a nawa. In ta fi haka zafi ya tsere, in ta gaza wuta ta rasa iska. Daga bisani na kwashe rairayin ta ƙofa, na yaɓe bayan ƙubbar da laka mai kauri haɗe da ƙaiƙayi, na yi mata rumfar kwano saboda damina.

Abin da ya fi wuya shi ne jira. Sabon gini cike yake da ruwa, babbar wuta kuma tana mayar da ruwan tururi ya fasa shi. Mako guda na yi ina hura ƙaramar wuta da ƙirare, kullum ina ƙarawa kaɗan, yara suna leƙowa suna tambaya. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A nan kam dutsen ake dafawa da gaske. Ranar da baƙin hayaƙin da ya manne a ƙubbar ya ƙone, bulo ya fito fes, na san tanderu ya kai.

A ranar ce na samu amsar tambayata. Bayan an fitar da fiza an kwashe garwashi an toshe ƙofa, bulo yakan ci gaba da amayar da zafin da ya sha. Uwargida ta sa burodi, bayansa tiren nama da dankali, da dare kuma tukunyar wake ta kwana a ciki ta wayi gari a nune. Mata masu gurasa sun daɗe da sanin wannan sirri a tanderunsu na ƙasa. Yanzu duk ranar da za mu hura, mukan aika wa maƙwabta tun da safe, kowa ya kawo abin da yake son gasawa.

Don haka, ƴan uwa, wanda ke da niyyar irin wannan gini ya yi shi da rani, kada ya yi rowar abin da ke ƙarƙashin daɓe, kada kuma ya hura shi don faranti guda. Iccen da ya ciyar da gida uku bai ƙone a banza ba.