Tashar da ta koya wa 'yata Hausa

A Kwatano aka haife ni. Mahaifinmu fataucin albasa ya kawo shi daga Maraɗi ya zauna a Zongo, ni kuma aure ya kai ni unguwar Agla. Talabijin ɗin da muka tashi muna kallo ORTB ce, kuma Faransanci ya fi yawa a cikinta. Yarana suna Faransanci a makaranta, suna yaren Fon a waje, Hausarsu kuwa ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. In Inna ta zo, sai dai su yi ta kallon juna.

Da maigidana ya ɗaura dish, muka ci karo da Arewa24. Daɗin Kowa ya zama abincin darenmu. Wata rana na ji babbar 'yata tana kwaikwayon faɗan Adama da Kamaye, har da karin magana. Inna ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "Ashe bakin nan zai buɗe!"

Daga baya yayana ya ba ni tarihin tashar. A 2014 aka buɗe ta a Kano. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Equal Access ce ta kafa ta da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, don a janye matasa daga tsattsauran ra'ayi. Bayan 'yan shekaru ta koma kamfani mai zaman kansa da ke rayuwa da talla, ta yi Kwana Casa'in, ta kuma haska Labarina na Aminu Saira.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Yaya, ke nan baƙi ne suka mayar wa 'yata harshen ubana?" Ya ce, "To, ke wa ya hana ki?"

Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Da kaina nake amsa wa yaran da Faransanci saboda ya fi mini sauri. Ban daina kallon tashar ba. Amma kamfani yakan sauya hannu, yakan ma rufe, ni kuwa ina nan tare da su kullum. Yanzu in an gama shiri nakan kashe talabijin, in ce kowa ya ba ni labarin abin da ya gani da Hausa. Autana yana ta tuntuɓe, Inna tana gyara masa.