Mirya, Inda Ma'auni Ke Hannun Uwa

A da, daga Ƙaura Namoda mutum ya bi ta Zurmi ya ɓulla Jibiya, sai ga shi a Nijar. Yanzu 'yan bindiga sun sa sai an zagaya ta Gusau da Funtuwa da Katsina. Haka muka yi, muka shiga ta Ɗan Isa, muka ratsa Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Gabas da ita kaɗan Mirya take, garin lambuna da maginan tukwane.

Abin da ya fi burge ni a can ko tafin hannu bai cika ba. Wani siririn tef ne mai launi uku, kore da rawaya da ja. A wani ƙauye na ga wata mata ta zaro nata daga cikin kwalla, ta zaunar da ɗanta a cinya, ta naɗa masa a tsakiyar damtse, ta ja a hankali. Ya tsaya a kore. Ta kuma danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa, ta duba ko wurin zai lotsa, alamar kumburi. Na ce, “Baiwar Allah, in ya nuna ja fa?” Ta ce, “Malam, ai ko miya ce a wuta sauke ta zan yi, sai likita.” Ja na nufin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, wato tamowa ta yi tsanani.

Ƙungiyar BEFEN ta likitocin Nijar da abokiyar aikinta ALIMA ne suka soma koya wa iyaye mata wannan awo a gundumar Mirya wajen 2011. Masu shakka sun ce macen da ba ta yi boko ba ina ita ina awo. Aka gwada a yankunan Dogo da Takeita tsakanin 2013 da 2014, sai ga shi inda iyaye mata ke awon ana kawo yara tun cutar ba ta ci jikinsu ba, masu kaiwa ga kwanciya a asibiti suka ragu. Dalilin a fili yake. Jami'in lafiya sai ya zo gari yake ganin yaro, ita kuwa uwa da shi take kwana, da shi take tashi.

Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, shi ya sa uwa ba ta tsayawa lissafin aljihu kafin ta goya ɗanta. Kada in yi wa Nijar ado da yawa: gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci, magani ya yanke. Duk da haka mace ta san haƙƙinta, tana kuma tambayarsa da bakinta.

A gida kuwa, a watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya ta Zamfara sun auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Ƙauyuka da yawa a can ma'aikacin lafiya ba ya iya taka su, gonaki kuma sun gagari masu su. Ina kira ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha da kwamitocin mazaɓu da sarakunanmu: a koya wa kowace uwa wannan awo, a bar mata tef ɗin a ɗakinta, a kuma tabbata in ta zo da ja za ta tarar da madarar gyaɗa ta maganin tamowa a asibiti.