Lokacin da Muke Ƙirga Ƙasusuwa

A ofishin adana bayanan marasa lafiya na asibitin da na fara aiki a Amurka, akwai fayil ɗin da kowa ke neman hanyar zame wa: na tiyatar haɗe ƙashin baya. Aikinmu shi ne mu karanta abin da likita ya ce ya yi, mu mayar da shi lambobi, da lambobin nan ne asibiti ke karɓar kuɗinsa daga Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati, ko kamfanin inshora. Fayil ɗin tiyatar ƙaba, kafin shayinka ya huce ka gama. Na ƙashin baya kuwa sai ka gyara zama.

Ita tiyatar tsohuwa ce. A 1911 likitoci biyu a New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da tasa dabarar, suka bayyana yadda ake haɗe ƙasusuwan baya saboda masu tarin fuka da ya ci musu gadon baya. Albee daga ƙwaurin marar lafiya yake yanko ƙashi ya dasa. Har gobe asalin aikin bai canza ba: a sa ƙasusuwa biyu ko fiye su manne su zama ɗaya. Ƙusoshi da sandunan ƙarfe riƙo kawai suke yi kafin ƙashin da aka dasa ya kama.

A lokacin, rahoton tiyata da baki ake yinsa. Likita ya fito daga ɗakin tiyata a gajiye, ya ɗauki tarho ya zayyano aikin awa biyar cikin minti huɗu. Wata mai buga rubutu, da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ta saurara ta buga, inda maganar ta shige mata duhu ta bar gurbi. Ga wanda bai san ƙashin baya ba, L4 da L5, wato ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu, kusan abu ɗaya ne a kunne. A wurinmu kuwa bambancinsu na iya rushe fayil gaba ɗaya.

Wadda ta koya mini aikin dattijuwa ce mai alƙalami ja. Abu na farko da ta hana ni shi ne yarda da kan rahoto, wato layin da likita ke rubuta sunan aikin a sama. Can zai ce ya yi kaza da kaza, amma idan ka bi jikin rahoton layi-layi sai ka tarar kejin da ya ce zai saka tsakanin ƙasusuwa bai shiga ba, ko ya ƙara mataki ɗaya da bai yi niyya ba. Takan sa ni zana gadon baya a gefen takarda, bakwai na wuya, goma sha biyu na ƙirji, biyar na ƙugu, in riƙa sa alama a duk inda wuƙa ta taɓa. Na ɗauka wahalar da sabon shiga ce. Ashe ita ma haka take yi, bayan shekarun da ta kwashe.

Littafinmu shi ne ICD-9-CM, juzu'i na uku, mai lambobin ayyukan tiyata kusan 4,000, kowace ba ta wuce alƙaluma huɗu ba. Haɗe ƙashin baya yana ƙarƙashin 81.0. Bayan ka zaɓi wurin, sai ka ƙirga ƙasusuwa: biyu zuwa uku 81.62, huɗu zuwa takwas 81.63, tara ko fiye 81.64. Idan an saka keji ka ƙara 84.51. Shi ke nan. Tsari ne mai kama da awon hatsi da tiya: ba ya rantsuwa a kan ƙwaya, amma kasuwa na ci.

Sai dai kuɗi masu yawa na rataye a kan waɗannan 'yan alƙaluma. Tun 1983 Medicare ta daina biyan asibiti gwargwadon abin da ya kashe, ta koma biyan farashi ɗaya ga kowane rukunin jinya, abin da ake kira DRG. Wanda aka haɗe masa ƙashi ta gaba da ta baya yana faɗawa rukuni mai tsada fiye da wanda aka yi wa ɓangare ɗaya. Don haka jimla guda a shafi na uku, inda likita ya ambaci cewa ya shimfiɗa ƙashi a gefen baya bayan ya saka keji, tana iya ɗaga fayil ko ta sauke shi. Ka tsallake ta, asibiti ya yi asara. Ka ƙirƙiro ta, masu bincike su zo. Idan magana ta yi harshen damo, sai a rubuta wa likita tambaya, kuma ƙa'idar sana'a ta hana ka sa masa amsa a baki. Wasu likitocin su amsa a ranar. Wasu sai ka bi su kamar mai bin bashi.

Su ma masu lambobin kuɗin likita, waɗanda ke aiki da littafin CPT na ƙungiyar likitocin Amurka, ba su huta ba. A 2012 aka kawo 22633 ta haɗiye aikin da a da ake rubuta wa 22612 da 22630 a mataki ɗaya, a 2017 kuma aka soke 22851 ta keji aka maye gurbinta da 22853 da 'yan uwanta.

Namu babban sauyin, na komawa sabon tsarin lambobi, ya daɗe yana tafe. An sa ranar 1 ga Oktoba 2013, aka ɗaga zuwa 2014, majalisar dokokin Amurka ta sake ɗagawa, har wasunmu suka fara cewa zancen kanzon kurege ne. Ranar 1 ga Oktoba 2015 ICD-10-PCS ya sauka da lambobi sama da 70,000, kowace mai gurbi bakwai. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne an daina ƙirga ƙasusuwa, an koma ƙirga gaɓoɓin da ke tsakaninsu. Aikin L4 zuwa S1 (ƙashin da ke ƙarƙashin L5), wanda a da ƙasusuwa uku ne da 81.62, ya zama gaɓoɓi biyu masu suna daban: ta L4 da L5 a 0SG0, ta L5 da S1 a 0SG3. Gurbi na bakwai kuma yana tambayar abu biyu a lokaci ɗaya, ta ina aka shiga, kuma wane ɓangare aka haɗe. Likita na iya shiga ta baya ya haɗe ɓangaren gaba. Wannan ita ce 0SG00AJ, lambar da na haddace kafin lambar wayata ta ofis. Waɗanda suka saba kwafo kan rahoto suka sha wuya. Mu da aka sa zane a gefen takarda, cikin kusan wata biyu muka daidaita.

Ba na kewar tsohon littafin. Ya yi wa aikin kaɗan. Rahoton baki nake kewa. Da asibitoci suka koma kwamfuta, musamman bayan dokar 2009 da ta ba su kuɗi don yin hakan, rahoto ya zama fom da aka riga aka cika rabinsa. Ya yi tsawo, ya yi tsabta, babu gurbi ko ɗaya, amma sai ka ga jimlar jiya ta biyo marar lafiyan yau: sama ta ce an ɗebo ƙashi daga ƙugu, ƙasa ta ce na bankin ƙashi aka yi amfani da shi. A tsohon rahoto kana jin inda likita ya tsaya ya yi tunani, inda jini ya dame shi, inda ya canza shawara, kuma galibi a nan lambar gaskiya take.

Dattijuwar ta yi ritaya ana saura 'yan watanni sabon tsarin ya fara, ta ce ba za ta koyi sabuwar ƙirga da furfura ba. Ta bar mini littafinta na ƙarshe, gefen shafin 81.0 ya yi baƙi saboda yatsa, da zanen gadon baya manne a bangon ciki.