Dirku, Garin da Labarinsa Ke Zuwa Daga Nesa

Wanda ya taso daga Agadas zai je Dirku, dole ya ratsa Tenere, tafiyar fiye da kilomita 600 babu kwalta, galibi cikin ayarin motocin da sojoji ke rakawa. In ka iso, sai ka tarar da gari kwance a gindin tsaunin Kawar, ga dabino, ga ramukan kanwa, ga kasuwar da ake jin Barbarci da Tubanci da Larabci, amma Hausa ce ke raba gardama wajen ciniki. Tsibiri ne, sai dai rairayi ne ya kewaye shi maimakon ruwa. Shinkafa da taliya da man fetur duk daga waje suke zuwa, daga Libiya ko daga kudu. Labari ma haka.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin Dirku ba baƙuwa ba ce a labaran duniya. Nan 'yan ci-rani ke yada zango kafin su nufi Segedin da Madama su faɗa Libiya. A 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da nan, bayan motarsu ta lalace. A watan Satumban 2018 kuma jaridar New York Times ta fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta kafa sansanin jirage marasa matuƙa a filin jirgin garin. Mutanen gari sun daɗe suna jin rugugi da dare, suna ganin ana ta aiki a filin, amma sai da jaridar ƙetaren teku ta buga sannan maganar ta fito fili.

Wata rana bayan magariba na zauna wurin mai shayi kusa da tasha. Wani dattijo ya fito da ƙaramar rediyonsa, wadda aka ɗaure murfin batirinta da kyauron roba, ya naɗa wa eriyarta waya, ya riƙa murza maɓalli a hankali yana laluben gajeren zango. Murya ta zo, ta nutse cikin shuu, ta sake tasowa. Na ce, "Baba, ba ka gajiya da wannan ƙara?" Ya ce, "Ɗana, in an yi abu a bayan gidana, a nan nake jin yadda aka yi."

Maganarsa tana da tushe. Jihar Agadas ta san abin da ake kira toshe baki. Da tawayen ƙungiyar MNJ ya ɓarke a 2007, gwamnatin Tandja Mamadou ta sa jihar cikin dokar ta-ɓaci, ta hana 'yan jaridar waje shigowa. Hukumar kula da sadarwa, CSC, ta dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas. Aka kama shugaban jaridar, Ibrahim Manzo Diallo, a watan Oktoba, sai a Fabrairun 2008 ya fito. Moussa Kaka, wakilin gidan rediyon Faransa RFI, ya yi fiye da shekara a tsare saboda magana da 'yan tawaye ta waya. A Afrilun 2008 aka rufe tashar rediyon Sahara FM ta Agadas, bayan ta saka muryoyin mutanen da suka ce sojoji sun ci zarafinsu. Ke nan a lokacin da arewa ta fi bukatar mai faɗar halin da take ciki, a lokacin aka kashe mata murya.

Daga baya an ɗan sarara. A 2010 aka soke ɗaurin kurkuku kan laifuffukan aikin jarida, kuma a 2011 Mahamadou Issoufou ya sa hannu kan sanarwar Table Mountain ta kare 'yancin 'yan jarida, shugaban ƙasa na farko da ya yi haka. Amma dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta dawo da gidan kaso ta bayan gida. An sassauta ta a 2022, sai ga juyin mulkin Yulin 2023. Cikin 'yan kwanaki aka katse RFI da France 24. A Yunin 2024 shugaban mulkin soja Janar Tiani ya maido da ɗauri, har shekara biyar ga wanda ya yaɗa abin da aka ce zai iya ta da hankalin jama'a. A Disamba aka dakatar da BBC na wata uku, a Mayun 2025 kuma aka kama 'yan jaridar Sahara FM uku a Agadas.

Ban raina hujjar mahukunta ba. Ƙasar tana cikin yaƙi, sojoji na mutuwa, kuma gaskiya ne kafofin Faransa ba su taɓa zama 'yan ba-ruwanmu a Nijar ba. Amma mutumin Yamai, in an rufe masa tasha ɗaya, yana da wasu, yana da ɗan'uwa a ma'aikata da zai raɗa masa. Mutumin Kawar fa? Babu ɗan jaridar da zai sayar da ransa ya ratso Tenere don labarin da zai iya kai shi kurkuku.

Abin da ya cike gurbin shi ne saƙon murya na WhatsApp. Na ga direbobin Hilux sun yi da'ira a kan waya ɗaya suna sauraron wani da ba su sani ba yana cewa 'yan fashi sun tare hanya, wani kuma yana rantsuwa ƙarya ce. Babu wanda zai tantance musu. Kuma da wannan za su yanke shawarar ko su ɗauki mutum ashirin da jarkokin ruwa su shiga sahara da asuba, ko su jira ayari na gaba.