Awa Takwas da Rabi a Flam



A yammacin ƙasar Norwe akwai wani ƙauye mai suna Flam, wanda mutanen wurin ke furtawa kamar "Filom". Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma daga watan Yuni zuwa Agusta jirgin ruwan yawon shaƙatawa guda ɗaya yakan sauke baƙin da suka ninka 'yan garin sau da yawa. Ƙauyen yana can ƙarshen wani reshe na Sognefjord, wato mashigin teku mafi tsawo a ƙasar, wanda ya kutsa cikin duwatsu sama da kilomita 200, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300 a wani wurin. Wannan zurfin ne ya sa katafaren jirgi ke iya shigowa har bakin gari. Akasarin baƙin nan abu ɗaya ke kawo su: jirgin ƙasan da ke tashi daga bakin ruwa ya hau dutse zuwa tashar Myrdal.

Ni ban taɓa taka Norwe ba. Abin da ya haɗa ni da Flam shi ne Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta shafe shekaru tana aikin jinya a Ingila har ta yi ritaya. Ita da mijinta, wanda muke kira Alhaji, sun biya kuɗin tafiyar mako guda a jirgin ruwa daga Southampton zuwa Norwe. Alhaji na fama da ciwon gwiwa, ga kuma zuciya da likita ya ce a riƙa lallaɓa ta. Jirgin zai tsaya a Flam yini ɗaya rak, ya iso da takwas na safe ya tashi da biyar na yamma. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Kai ne mai haƙurin karatu a gidan nan. Ka zauna ka tsara mana ranar. Babanku ba lallai ya ƙara irin wannan tafiya ba, ina so ya ga komai." Na ce, "To Gwaggo, in sha Allahu." Na ajiye waya ina jin nauyin kalmar nan ta "komai".

Da layin dogon na fara, tunda shi ne zuciyar tafiyar. Tsawonsa kimanin kilomita 20 ne, amma a cikin wannan ɗan taƙin yana hawa daga kusan daidai da fuskar teku zuwa tudun da ya kusa mita 867. Inda hawan ya fi tsanani, duk mita 18 da jirgin ya ci gaba, ya ɗaga kimanin mita ɗaya. Ga mai tafiya a ƙasa wannan ba wani abu ba ne, amma ga ƙarfe a kan ƙarfe babban hawa ne, shi ya sa jirgin ke tafiya a hankali har ya ɗauki kusan awa guda. Akwai ramuka 20 da aka fafe a cikin dutse don layin ya wuce, 18 daga ciki da ƙarfin hannu aka haƙa su. An fara aikin a farkon shekarun 1920, aka buɗe layin a 1940, aka sa masa lantarki a 1944. Asalinsa ba don 'yan yawon buɗe ido aka yi shi ba. An yi shi ne don ya haɗa mutanen bakin ruwa da babban layin Oslo zuwa Bergen, wanda aka buɗe a 1909, kuma a Myrdal layukan biyu suke haɗuwa.

Sai dai ba jirgin ƙasan kaɗai ke cikin jerin Gwaggo ba. Tana so su shiga ƙaramin jirgin ruwan da ke ratsa Naeroyfjord, siririn mashigin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2005. Tana kuma so su hau mota zuwa Stegastein, wani dandamali da ya miƙo mita 30 daga jikin dutse, a tsayin mita 650 sama da ruwa. Duk ta gan su a takardar talla, kowanne da hotonsa mai ɗaukar ido.

Na ɗauki biro da takarda na fara lissafi daga ƙarshe. An ce jirgi zai tashi da biyar, amma a irin wannan tafiya ana so kowa ya shige kusan minti 30 kafin nan, wato huɗu da rabi. Daga takwas zuwa huɗu da rabi, awa takwas da rabi ke nan. Na cire awa ɗaya ta safe, domin Alhaji sai ya karya ya sha magani, kuma saukar dubban mutane ta ƙofa ɗaya ba ta minti biyar ba ce. Na sake cire awa ɗaya a ƙarshe na ajiye ta don abin da ba a zata ba. Saura shida da rabi. Jirgin ƙasa zuwa da dawowa awa biyu, da jiran layi ya kama biyu da rabi. Jirgin ruwan Naeroyfjord kusan awa biyu yake yi zuwa Gudvangen, sannan a dawo a bas, da jira da komai awa uku. Stegastein awa ɗaya da rabi. Jimla awa bakwai. Ban sa abinci ba, ban sa salla ba, ban sa zaman da mai ciwon gwiwa zai riƙa yi yana hutawa ba. Takardar da kanta ta ce ba zai yiwu ba.

Lissafin nan ya tuna mini da maganar agogo. Norwe tana gaba da Ingila da awa ɗaya, kuma wayar hannu takan canza lokaci da kanta idan ta kama layin sabuwar ƙasa, wani lokacin kuma ta ƙi. Jirgin ruwa da agogonsa yake aiki, kuma shi ake rubutawa a allon bakin ƙofar sauka. Na roƙi Gwaggo ta ɗaura agogon hannu na gargajiya, ta saita shi da na jirgi kafin ta sauka, ta kuma ɗauki hoton allon nan da wayarta.

Daga nan sai batun tikiti, wanda shi ya fi hana ni barci. Hanya biyu ce. Ko dai mutum ya saya ta hannun kamfanin jirgin ruwan, ya biya da tsada, amma idan tawagarsu ta makara a al'ada jirgi yakan jira su. Ko kuma ya saya da kansa ta intanet da rahusa, amma idan ya makara babu mai jiransa, kuma kuɗin bin jirgi zuwa tasha ta gaba daga aljihunsa zai fito. Gwaggo mace ce mai tattali, ta fi karkata ga na biyun. Ni kuma na san idan jirgi ya tafi ya bar dattijai biyu a bakin ruwa, sunana za a riƙa kira a gidanmu har jikoki.

Abin da ya raba mini gardama shi ne yanayin garin. Tashar jirgin ƙasa 'yan mintuna ce da ƙafa daga inda jirgin ruwa ke ɗaurewa, babu mota a tsakani balle cunkoso. Haɗarin ashe yana cikin lokacin da aka zaɓa ne. Wanda ya hau jirgin ƙasan ƙarfe biyu na rana ya jingina kansa da sa'a, domin layin tilo ne, jirgin hawa da na sauka a tashar Berekvam suke kauce wa juna, jinkirin ɗaya yakan taɓa ɗayan. Wanda kuma ya sayi na farkon safiya, idan jirgin ruwa ya iso a makare, ko ya zamana wani ya riga shi matsaya aka riƙa fito da mutane a ƙananan kwale-kwale, tikitinsa na iya bin ruwa. Sai na zaɓi na tsakiyar hantsi, wanda zai dawo da su kafin azahar da ragowar sa'o'i a hannu. Muka saya tun saura makonni, saboda a wannan lokaci na shekara kujeru kan ƙare da wuri.

Faɗa wa Gwaggo cewa na soke biyu daga cikin ukunta shi ne aikin da ya fi wuya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato mu biya kuɗin nan duka, mu je har can, mu hau jirgin ƙasa kawai mu dawo?" Na ce, "Gwaggo, ba a tauna taura biyu, balle uku. Mashigin da kike son gani a ƙaramin jirgi, irinsa za ku ratsa da asuba a babban jirginku, za kuma ku sake ratsa shi da yamma, ga rana ba ta faɗuwa a can sai wajen sha ɗaya na dare. Ku zauna a saman jirgi da shayinku ku kalla." Ta ce ai ba ɗaya ba ne. Na yarda ba ɗaya ba ne. Amma na tambaye ta wanne take so ta tuna: Alhaji zaune a bakin taga hankalinsa kwance, ko Alhaji yana ɗingishi a bayanta daga bas zuwa kwale-kwale, ita tana duban agogo? Ba ta amsa ba a ranar. Bayan kwana biyu ta turo saƙo: "Ka bar jirgin ƙasan kawai. Babanku ya ce ka yi daidai." Na san ranta bai so ba, domin ita ma shekaru ta yi tana mafarkin tafiyar, kuma lafiyarta ƙalau, da ita kaɗai ce da ta ga ukun.

Da aka rage abin zuwa ɗaya, sai na sami sararin kula da ƙananan abubuwa. Na ce su ɗauki rigar sanyi da ta ruwa ko da gari ya waye da rana, domin saman dutse ya fi bakin ruwa sanyi. Na ce gefen da suka zauna a hawa, su sake shi a dawowa, tunda kallon yakan koma wannan taga ya dawo waccan. Na yi musu bayanin Kjosfossen, wata babbar matsirga inda ruwa ke zubowa daga dutse dab da layin, jirgi yakan tsaya kusan minti biyar mutane su fita. A watannin baƙi wata mata sanye da jar riga takan ɓullo a gefen ruwan tana rawa, tana kwaikwayon Huldra, aljanar daji ta tatsuniyoyin Norwe da aka ce tana yaudarar maza. Na faɗa wa Gwaggo tun da wuri don kada ta ɗauka gamo suka yi. Na ce a Myrdal kada su yi nisa, tasha ce kawai a tsakiyar duwatsu, jirgin da ya kawo su shi zai juya da su. Azahar kuwa sai wajen ɗaya da rabi take shiga a can a watan Yuni, za ta same su a ɗakinsu.

A ƙasan takardar na rubuta abin da za su yi idan komai ya lalace. Fasfo da maganin Alhaji na kwana biyu su kasance a jakar hannu, kada a bar su a ɗaki. Lambar wakilin jirgi na tashar, wadda ake bugawa a takardar shirin kowace rana, ta kasance a aljihu. Tasha ta gaba Bergen ce, kuma layin dogon nan da kansa yana kai mutum can ta Myrdal a cikin kusan awa uku. Su fasfon Birtaniya gare su, ba sa buƙatar biza. Mai fasfon Najeriya kuwa sai ya nemi bizar Schengen, domin Norwe tana cikin wannan tsarin duk da ba ta cikin Tarayyar Turai.

Ranar tafiyar ina nan riƙe da waya. Wajen hantsi saƙon murya ya shigo, rabinsa rugugin ruwa ne, can ƙasa-ƙasa muryar Alhaji tana cewa "Tabarakallah, tabarakallah." Sun dawo bakin ruwa kafin ɗaya. Suka ci abinci, suka yi salla, Alhaji ya yi ƙailula, Gwaggo ta fita ita kaɗai ta leƙa ɗan gidan tarihin layin dogon da ke kusa da tasha. Da ta koma Ingila ta ce har yanzu tana jin Stegastein a ranta, ta kuma ce rabon da ta ga Alhaji ya yi hira mai tsawo irin ta ranar an daɗe.

Na kawo wannan labari zaurenmu ne saboda wani abu da ya shafi sana'armu. Sau nawa muke ɗaukar jarumi ko jaruma mu kai su Dubai ko Landan a shafi ɗaya, su sauka, su sha iska, su dawo, ba tare da garin ya hana su komai ba? Makonnin da na yi ina lissafin Flam sun nuna mini cewa ana fara sanin wuri ne ta abin da yake tilasta wa mutum: ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, minti nawa ake tsayawa, me zai faru da wanda ya makara, me za a bari don a sami wani. Mai niyyar fitar da jaruminsa waje, ya fara neman jadawalin jirgin garin kafin ya nemi hotunansa. A nan zai ga inda mata da miji za su yi saɓani, da wanda zai haƙura a cikinsu.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.