Gangaren Hawan Kibo a Cikin Akori-kura

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo. Ina tsammani masu zuwa daga ƙasa ne suka raɗa masa wannan suna, gama abin da ya dame su shi ne ko mota za ta kai bisa. Mu da muke fitowa daga kan dutse, gangara ce a gare mu, ita ce kuwa ta fi ban tsoro.

A watan Yuli na 2023 na bi ta wurin. Iskar farkon damina ta yaye rufin aji ɗaya a makarantarmu da ke kusa da Gwantu. Iyayen yara suka yi karo-karo, aka aike ni Jos in sayo kwano bandir 4. Motar fasinja ba ta ɗaukar irin wannan kaya, saboda haka na daidaita da wani mai akori-kura a Bukuru, wanda zai kai dankalin turawa da kabeji Akwanga. Sa'ad da na iso, na tarar an riga an jera buhu 14, kowane buhu sai mutum biyu sun kama. Aka ɗora kwanona a kai, aka ɗaure. Sa'an nan mata uku masu kayan da yaron mota suka hau can bisa. Irin wannan mota an ƙera ta ne domin kayan da bai wuce tan ɗaya ba, wato kilo 1,000. Na dubi tayun baya, na ga sun kusa taɓa jikin mota. Ban ce kome ba. Na biya kuɗina, an kuma ba ni gidan gaba don girmamawa, ina ni ina ƙorafi?

Muka tashi wajen ƙarfe goma, ana yayyafi. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200, kusan ƙafa 4,000 ke nan bisa teku, shi ya sa ko da rana tsaka sai da na sa rigar sanyi. Muka wuce kududdufan da haƙar kuza ta bari, cike da ruwa. Daga Mararrabar Jama'a muka kama hanyar Riyom, inda manyan duwatsu suke zaune bisa juna kamar an jera su da hannu. Ƙasar Birom ke nan, ko'ina kore shar, gonakin acca da masara da dankali kewaye da shingen ƙerana.

Bayan Riyom ne na lura da wata al'ada ta direbanmu. In ya zo 'yar gangara sai ya fitar da giya, ya sa a firi, wani lokaci har ya kashe inji, mota ta yi ta tafiya da nauyinta.

Na ce, "Maigida, lafiya kake kashe ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka san yadda mai ya koma. In ban yi haka ba, me zan kai gida?"

Gaskiyarsa ta wani gefe. Wata biyu ke nan da janye tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka har ya wuce. Na sake yin shiru.

Hawan Kibo ba ya yi wa baƙo sallama. Kana cikin tafiya a fili, sai ka ga ƙasa ta buɗe a gabanka, itatuwa can ƙasa kamar ciyawa, hanya kuma ta soma lanƙwasa tana bin gefen dutse. Wannan karo direba bai kashe inji ba, amma ya bar giya a firi, ƙafarsa a kan birki. Kwana ta fari lafiya. Ta biyu lafiya. Sai na soma jin wani wari kamar an bar tukunya a wuta ta ƙone. Yaron mota ya buga rufi ya ce, "Oga, hayaƙi a baya!"

Na dubi ƙafar direba. Ya taka birki, ya tafi har ƙasa kamar ya taka auduga. Ya ɗaga, ya sake takawa, ya sake, sau biyar ko shida da sauri. Mota ta ɗan ja baya kaɗan, ta kuma ci gaba da gudu. Matan da ke bisa suka sa kuka da addu'a. Nan dai zan yaba masa: bai rikice ba. Ya ba inji wuta, ya tura giya ta uku ta shiga da ƙara, ya ja birkin hannu a hankali yana saki, ya sāmu ta biyu. Inji ya yi kururuwa. Sa'an nan ya karkata sitiyari, ya goga gefen mota da gaɓar da ke hannun dutse, muka yi ta jan ƙasa da ciyawa har muka tsaya. Yaro ya dira ya sa dutse a gaban taya. Kabeji ya watse a hanya, amma ba wanda ya faɗo.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba kafin ƙafafuna su yarda su ɗauke ni.

Wani dattijo direban babbar mota, wanda yake hawa da sanɗa, ya tsaya ya sa waigi ya zo. Ya tarar yaro ya ɗauko jarka zai kwara wa tayar ruwa. Ya daka masa tsawa, ya ce ƙarfen da ya yi zafi haka in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yakan karkace ko ya tsage. A bar shi ya huce don kansa. Muka zauna a kan duwatsu fiye da awa ɗaya. Abin da ya faɗa mana a nan, da abin da na bincika daga baya, shi nake so in ba masu karatu.

Birki ba ya tsai da mota sai ta wurin guga. Murza tafin hannunka da ƙarfi, za ka ji ɗumi. Haka duk ƙarfin gudun mota yake komawa zafi a cikin ƙafafunta. In an ninka kaya, zafin ya ninka. In an ninka gudu, zafin yakan ninka sau huɗu. A kan doguwar gangara, giya ta biyu ko ta ɗaya ita ce take riƙe mota, inji yana ɗaukar rabin wahalar, birki kuwa a taɓa shi a sake shi domin ya sha iska. Wanda ya sa a firi ya bar wa birki aikin duka. Yawancin akori-kura kuma birkin bayansu a rufe yake cikin wani ƙoƙon ƙarfe, zafi ba ya fita da wuri.

Sai maganar man birki. Shi ne yake kai ƙarfin ƙafar direba ta cikin siraran bututu zuwa tayu huɗu. Sabon mai, irin wanda aka rubuta DOT 3 a gwangwaninsa, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin da ruwa yake tafasa a 100. Amma man nan yana shan laima daga iska a hankali. In ya tsufa ya sha ruwa, a wajen 140 zai iya tafasa. Da ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura kome. Abin da ya sa ƙafar direbanmu ta tafi ƙasa ke nan. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suke cewa a zubar da man a sa sabo kowace shekara biyu, ko da bai ragu ba. Kashe inji kuma wani ganganci ne dabam, gama akwai wata tukunya a bayan abin takawa wadda take ƙara wa ƙafa ƙarfi, da numfashin inji take aiki. In inji ya mutu, taku biyu ko uku ne, birki ya yi tauri kamar dutse.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da mota ta huce, birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Direba ya taka ya ce, "Ka gani, Malam? Ya kama." Da yawa a nan suke ruɗuwa, su ci gaba da tafiya da man da ya riga ya tafasa. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, giya ɗaya har ƙasa, mutanen nan kuma su taka da ƙafa."

Haka muka yi. Ni da matan muka bi bayan mota a ƙasa. Sai a lokacin na ga wurin sosai: ruwa yana tsiyayowa daga jikin dutse, iska tana ƙara ɗumi da kowace kwana, har na tuɓe rigar sanyi. Na kuma ga abin da ba a gani daga cikin mota, wato tsofaffin ƙarafan motoci a cikin kwari, ciyawa ta rufe rabinsu. A gindin gangaren ne magangarar ruwan Assop take, kimanin kilomita 60 daga Jos, inda 'yan makaranta sukan zo yawon buɗe ido. Na sha kai yara wurin. Ran nan ƙarar ruwan kaɗai na ji daga nesa.

A gaba kaɗan muka sami makanike a bakin hanya. Ya buɗe kofin man birki, sai ga shi baƙi kamar shayin da ya kwana. Ya shiga ƙarƙashi, ya kira ni in duba. Bututun da ke zuwa tayar baya ta hagu an daddake bakinsa an toshe, domin ya taɓa yoyo. Ashe da ƙafa uku muka sauko, ɗaya ta bayan ita kaɗai ta sha wuta. Direba ya rantse haka ya karɓi motar daga mai ita. Makaniken ya ce wannan kaɗan ne, ya taɓa buɗe kofin wata mota ya tarar da ruwan sabulu.

Ya sa wani bututu, ya zuba sabon mai, ya zaunar da yaro a kujerar direba. Daga ƙarƙashi yana ta kira, "Taka! Taka! Riƙe!" Ya kwance ɗan ƙusa, kumfa da baƙin mai su fito, ya ɗaure. "Saki!" Haka taya bayan taya har huɗu.

Da aka zo biya, kuɗin direba bai kai ba. Ɗaya daga cikin matan, wadda ta fi kowa kuka a bisa, ta kwance bakin zanenta ta cika, da sharaɗin a cire mata daga kuɗin mota. Wata kuwa ta ce ita da kabejinta sun sauka ke nan, za ta jira wata motar. Na ƙara abin da ya ragu daga kuɗin ƙusoshi, na rubuta a littafi domin in yi wa iyayen yara bayani.

Muka ratsa dajin Nimbia da la'asar, muka isa Gwantu bayan faɗuwar rana. Kwano biyu sun lanƙwashe a inda muka gogi gaɓa. Kafinta ya miƙe su da guduma, ya sa su a bayan aji, wajen da ba a gani daga hanya.